Takun Labari da Zane a Littafin Aljanu: Jagora ga Masu Farawa

Matasan da ke kawo mini zanensu in duba, na cikin birnin Zariya ne ko na Tudun Wada, na Samaru ko na Wusasa, kusan duk ciwonsu ɗaya ne. Hannu kam ba a magana. Wani zai zana maka aljani mai kai uku, haƙora zaƙo-zaƙo, jijiyoyi ruɗu-ruɗu, ka duba ka rasa inda za ka kushe. Amma ka karance shafi ashirin da wani abu, gabanka bai faɗi ko sau ɗaya ba. Dalili kuwa, tun a shafin farko an baje dodon a fili, an nuna shi daga ƙafa har ka, sai aka shiga faɗa, daga faɗa sai faɗa, har tawada ta ƙare. Shi ya sa na ga gara in tattara maganar wuri ɗaya in huta da maimaici.

A littafin zane, munin halitta ba ya tsorata kowa. Jira ne ke tsoratarwa. Mai fim yana da kiɗa, da ƙara, da ikon tsare ka a kujera har sai ya ga dama. Kai ba ka da ko ɗaya. Abin da ke hannunka huɗu ne: yawan gidaje, wato akwatunan zane, da ka yanka a shafi, girmansu, rabon baƙi da fari, sai kuma yatsan mai karatu da zai juya takarda. Da su ake sarrafa lokaci, kuma duk gwanintar zanenka hidima take yi wa wannan sarrafawa.

Masu karatu ba su za ka koya wa son irin wannan labari ba. Daga nan Zariya aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljanu da gwagwarmaya, kuma har gobe littattafan yaƙi suna da kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a ba su labarin a zane, da Hausa, a wuraren da suka sani. Wasu ma sun riga mu taɓa kayanmu: Roye Okupe ya gina Malika a kan tarihin Sarauniya Amina, kamfanin Comic Republic na Legas kuma ya daɗe yana fitar da labaran tsoro irin su Eru.

Don kada maganar ta bi iska, zan riƙa kafa misali da wani labari da na ƙirƙira saboda wannan jagora. Tanko ɗan tauri ne. Ƙanwarsa Lami ta tafi itace gindin Dutsen Kufena da la'asar, ba ta dawo ba. Bayan kwana uku ta dawo, fuska tata ce, murya tata ce, amma akuyar gidan ta ƙi kusantarta.

KAYAN AIKI

- Farar takarda mai ɗan kauri, A4. In da hali A3 ta fi, amma A4 ta isa ga littafin da za a buga a girman A5.
- Fensir HB, da magogi mai laushi wanda ba ya cin takarda.
- Rula, don yanka gidaje.
- Alƙaluman zane na tawada, siriri da matsakaici da mai kauri, kamar 0.1 da 0.3 da 0.8, da ƙaramin burushi, da kwalbar baƙar tawada wadda ruwa ba ya wanke ta. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro tana da baƙi mai kyau, alƙalamin kara kuma yana ba da layi mai rai, sai dai an yi ta ne don a wanke, ɗigon gumi ɗaya ya isa ya ɓata maka fuskar da ka wuni a kanta. Biro kuwa ka bar shi wajen gwaji, domin injin fotokwafi ba ya ɗaukar layinsa daidai.
- Farin fenti na gyara, don taurari, ƙyallin ido da goge kuskure.
- Ƙaramin littafi da za ka riƙa fita da shi kana zana abin da ka gani.
- Waya mai kyamara mai kyau ko sikana. Mai son aiki a na'ura zai samu Krita kyauta a kwamfuta, ibisPaint kuma a waya.
- Fayil na roba, saboda gara da laimar damina.

MATAKI NA 1: KAFA WA ABIN TSORON DOKA

Kafin ka zana ko farce ɗaya, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi huɗu. Me abin yake so? Me yake iyawa? Me ya fi ƙarfinsa? Me jarumi zai biya in ya yi amfani da asiri a kansa? Mafarin aiki yakan tsallake wannan, sai ka ga duk lokacin da jarumi ya shiga uku ya zaro sabuwar laya daga aljihu. Da zarar mai karatu ya gane haka, ya daina jin tsoro, tunda ya san akwai wata layar a gaba.

Doka ita ke haifar da shafuka masu kyau. A ce Tanko yana da layar zana, amma tana ɓoye shi ne muddin bai buɗe baki ba. To, ga shafi ya samu da kansa: yana tsaye cikin duhu, abin yana sunsuna gefen kunnensa, daga can cikin kogo kuma muryar Lami tana kiran "Yaya, Yaya," shi kuwa ba damar amsawa.

Ba sai ka je aro ba, domin labaran da muka tashi da su da dokokinsu suka zo. Maye kurwa yake kamawa, kuma ana cewa sai ya tsallake wanda ya kama kafin ya sake shi. Kyakkyawar matar da ake gamuwa da ita da tsakar dare, ƙafarta ce ke tona ta, kofato ne. Iskokin bori kowanne da shigarsa da halinsa: Ɗan Galadima da adon 'ya'yan sarauta, Sarkin Rafi da zafin kai, Kuturu da dungulminsa, Inna wadda ake jingina wa shanyewar ƙafa, kuma an ba su gari, Jangare. Ga guguwa, ga gindin tsamiya da kuka, ga magariba da ake kora yara ɗaki. Wanda ya bar duk wannan ya kwaso masu shan jinin fina-finan Amurka ya sa musu rawani, ya yi asara. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a nan Zariya a kan wannan ra'ayi: a koyi dabarar waje, a zuba mata abin gida.

Akwai iyakoki, kuma ba na wasa ba ne. Kada ka zana annabi ko mala'ika. Kada ka rubuta aya a cikin gida ko a jikin laya, domin littafin zane yakan ƙare a ƙasa ko a hannun mai ƙosai; in malami zai yi addu'a a labarinka, nuna hannu a ɗage da leɓe yana motsi, ya wadatar. Kada ka ɗauki fuskar wani da aka sani ko ƙofar gidansa ka ba maye. Zargin maita ya raba aure, ya kori mutane daga garinsu, wani wurin har rai ya salwanta. In kuma kana da niyyar kai littafin kasuwar Kano, ka nemi sanin ƙa'idojin hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar tun kafin ka kashe kuɗin bugu.

MATAKI NA 2: RABA LABARIN FITOWA-FITOWA

Rubuta ƙarshen labarin tukuna, sannan ka raba hanyar zuwa can. A ce fitowa shida. A ta farko alama kawai za a gani, inuwa da halin akuya. A ta biyu a ga ɓarnar abin, ba shi ba. A ta uku a ga sashensa, hannu ko tafin ƙafa, a yi karon farko, Tanko ya sha kashi. Cikakkiyar surarsa sai a ta biyar ko ta shida. Kowace fitowa ta amsa tambaya ɗaya da aka bari a baya, ta buɗe sabuwa. In kullum buɗewa kake ba ka rufewa, mai karatu zai ji ana ja masa rai ne don a ci kuɗinsa. Haka nan kada ka kwaikwayi al'adar yanke labari duk inda takarda ta ƙare a ce mu haɗu a littafi na biyu. Wurin yankewa tsara shi ake yi tun farko.

A cikin fitowa ɗaya, ni dai ba na barin faɗa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na shafuka. Sauran na natsuwa ne da zargi. Masu farawa suna ganin shafin da Lami ke tsokanar yayanta a kan tuwo ɓata takarda ne, alhali shi ne jarin labarin. Wanda bai so Lami ba, ba ruwansa da abin da ya same ta.

MATAKI NA 3: NAƊE TAKARDA KA YI ƘARAMIN LITTAFI

Ɗauki fallen A4 guda shida, haɗa su ka naɗe biyu. Ka samu littafi mai shafi 24, ban da bango. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu, saboda kowane falle shafi huɗu yake bayarwa. Sa wa shafukan lamba, sannan ka zana labarin gaba ɗaya a ciki da gaggawa, mutane kamar tsinke, ba fuska ba ado. Nan ake gyara taku, domin yage shafin da ka yi cikin minti biyar ba ya ciwo.

Yanzu lura da abin da naɗin ya nuna maka. A rubutun boko shafi na 1 yana dama, shi kaɗai. Ka juya, sai 2 da 3 su bayyana tare. Ma'ana, duk abin da ka sa a shafi mai lambar mara, 3 ko 5 ko 7, ido ya riga ya hango shi tun ana karanta na hagu. Abin mamaki ba ya ɓoyuwa a can. Wurin ɓoyo ɗaya ne: bayan juyi, a shafi mai lambar cika, 2 ko 4 ko 8. Saboda haka gidan ƙarshe na shafin dama aikinsa ya tilasta wa yatsa juyawa, saman shafin hagu kuma shi ne wurin duka. Junji Ito na Japan, mai Uzumaki da ta fito a 1998 zuwa 1999, ya shahara da wannan dabara. Sai dai ka kula, littattafansu daga dama ake karanta su zuwa hagu, don haka wanda ya kwafi tsarin shafinsu kai tsaye zai sa dukan a gurbin da bai dace ba. In da ajami za ka rubuta naka, to lissafinka irin nasu ne.

Wani abu kuma: cikin shafukan da ke buɗewa tare, na 12 da na 13 ne kaɗai ke zaune a fuskar falle ɗaya. In kana son babban zane mai cin shafi biyu, kamar Kufena a tsaye cikin farin wata da jerin fitilun masu neman Lami a gindinsa, nan za ka sa shi. A ko'ina ban da nan, rabi da rabin ba lallai su haɗu daidai a wajen ɗinki ba.

MATAKI NA 4: YANKA GIDAJE, AUNA LOKACI

Ƙa'idar ba ta da wuya. Gidaje da yawa a kan ƙaramin motsi suna ja wa lokaci birki. Gida babba mara magana yana tsayar da ido. Gidaje sirara a karkace suna sa gudu. Shafi na yau da kullum gida biyar ko shida ya ishe shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a yi kowane shafi da gidaje a karkace, masu tsini, suna hawa kan juna, wai don a nuna iyawa. In ko'ina ihu ake, ranar da aka yi ihun gaske ba mai waiwayowa. Riƙe gidajenka a miƙe, daidai wa daida, har sai abin ya bayyana, sannan ka karya tsarin. Karyewar da kanta firgita ce.

Ga yadda zan tsara shafi na 7 da na 8 a fitowa ta farko. Shafi na 7 gida shida ne masu girma ɗaya. Na farko: tsakar gida bayan isha'i, Lami zaune a tabarma tana tsince wake a faifai, fitilar ƙwai a gefenta. Na biyu: Tanko ya shigo daga zaure, takalmi a hannu. Na uku: akuya a turke ta ja da baya har igiyar ta miƙe. Na huɗu: yatsun Lami a cikin wake, kusa-kusa. Na biyar: idanun Tanko, ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo. Na shida: yatsun nan dai, amma sun tsaya cak, da ƙaramar magana daga wajen gidan, "Lami?" Sai a juya. Shafi na 8 gida ɗaya ne. Lami tana nan zaune yadda take, kanta a sunkuye. Inuwarta a bango kuwa a tsaye take, ta kai har zanko, kuma ta juyo da kai wajen Tanko. A ƙasa can, da ƙananan haruffa: "Na'am, Yaya."

Ka ga ba haƙori, ba jini. Gida na huɗu da na shida kusan zane ɗaya ne, kuma maimaicin ne ya sa tsayawar yatsun ta yi nauyi. Kakanninmu masu tatsuniya haka suke yi, su sassauta murya, su yi shiru, yara su matso, sannan a ambaci Dodo.

Farar tazarar da ke tsakanin gida da gida ma aiki take yi. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa Understanding Comics na 1993: abin da ba ka zana ba, mai karatu ne ke cike shi da kansa. Gida ɗaya wuƙa a sama, na gaba tsuntsaye sun tashi daga kan rimi. Saran da mai karatu ya gani a zuciyarsa ya fi duk wanda za ka iya zanawa.

MATAKI NA 5: FAƊA

Kafin a kai hannu, ba da gida ɗaya mai faɗi da zai nuna filin: ina tsagin dutse, ina gangare, ina wuƙar da ta faɗi. Duk abin da zai yi amfani a ƙarshen faɗan a gan shi a nan. Sannan wanda ka ajiye a hagu ya zauna a hagu har sai ka nuna sun yi musayar wuri. In Tanko yana hagu a wannan gida, a na gaba ya koma dama ba dalili, mai karatu zai tsaya yana lissafin wa ya bugi wa, gudun ya mutu. Tunda idonmu daga hagu yake tafiya zuwa dama, jarumi mai kai hari ya fuskanci dama, abin da ke tare shi ya fito daga dama. Ido zai yi karo da shi.

Kowane duka yana da shiri, da saukarsa, da abin da ya biyo baya. Ba lallai ka zana ukun ba, kuma sau da yawa na tsakiyar ne ya fi cancantar a bari. Je filin dambe ka zauna da littafinka. Za ka ga yawancin lokacin zagaye ne da auna juna, hannun tsaro a miƙe, naɗaɗɗen hannu a baya, nauyin jiki a ƙafa ɗaya. Dukan kansa ƙiftawar ido ne. Zana wannan tsayuwar. Don gwaji, cike jikin mutum da baƙi gaba ɗaya: in har ana gane abin da yake yi daga surarsa kawai, tsayuwar ta yi.

Rauni kuma ya zauna. In an yaga rigar Tanko a shafi na 16, kada ta ɗinke kanta a na 18. In an karya masa yatsa a fitowa ta uku, a gan shi da ɗori a ta huɗu. Da haka ake yarda cewa zai iya mutuwa.

MATAKI NA 6: JE KA GA WURIN

Tsoro ya fi kama mutum a inda ya sani. Ɗauki littafinka ka tafi Kufena da sassafe, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka kiyayi santsin dutsen da damina. Zana yadda fuskarsa take a sulɓe, da tsage-tsagensa, da manyan duwatsun da suka hau kan juna suka bar ramuka a tsakani, da bishiyoyin da suka kafe saiwa a tsagi. Wurin yana cikin tsofaffin mazaunan Zazzau, don haka labarin abin da aka binne aka manta ba zai yi masa baƙunta ba. A cikin birni kuma ga ragowar ganuwa, ga Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ga lunguna masu ƙunci da mutum biyu ba sa jerawa, ga rimaye. Mai son koyon yadda bakan gizo ke ɗaukar rufin soro ya dubi aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon Masallacin Juma'a, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830. Koyon gini za ka yi a can, ba mayar da masallaci fagen iskoki ba. Gidan mutane kuwa, sai da sallama da izini kafin ka ɗaga waya.

Ba kowane gida ne ke buƙatar cikakken bango ba. Kafa wurin sosai a gidan farko na fage, sauran a bar alama ɗaya, randa ko bakin taga.

MATAKI NA 7: BAƘI DA HASKE

Nan ne masu farawa suka fi jin tsoro, su da ke son tsorata wasu. Suna tsoron zuba baƙi kada ya rufe adon da suka sha wahala a kansa, sai dare ya fito fes kamar hantsi. Dubi Hellboy na Mike Mignola, wanda ya fara fitowa a jere a 1994: sau da yawa rabin shafi baƙi ne ƙirin, fuska guda sai goshi da haɓa. Abin da ka rufe da baƙi bai ɓace ba, ya koma cikin kan mai karatu.

A kowane fage zaɓi hasken guda ɗaya ka san inda yake: fitilar ƙwai, aci-balbal, tocila, fuskar waya, ko farin wata. Sa ɗan alama da fensir a gefen takarda don kada ka manta, duk inuwa ta gudu daga wannan wuri. Haske daga ƙasa yana juya inuwar fuska, kwarmin ido ya yi fari, goshi ya yi duhu, har fuskar da aka sani ta zama baƙuwa. Ajiye wannan don Lami kaɗai, kada ka raba wa kowa.

Sai batun fatarmu. Littattafan koyon zane da yawa an yi su ne a kan farar fata, inda ake barin takarda fara a ɗora inuwa. Wanda ya bi su sai mutanensa su fito ba su yi kama da na Zazzau ba, ko kuma ya cike fuska da ƙananan layuka har ta zama toka, a rasa fushi a rasa kuka. Juya tunanin: a fagen dare, ɗauki fuskar a matsayin duhu, ka fitar da wuraren da haske ke sauka, wato goshi, karan hanci, ƙashin kunci, leɓen ƙasa. Zaunar da ƙaninka kusa da fitila ka kalle shi minti goma, za ka ga siffofin da kanka. In baƙin mutum zai tsaya a gaban baƙin bango, bar siririn farin layi a gefen da hasken yake, shi zai raba su.

Wajen aiki, fara da layukan gidaje, sai haruffa, sai siraran layuka, manyan baƙaƙe a ƙarshe. Sa alamar X da fensir a duk inda za a cike. Fara daga saman hagu in kai badame ne, don kada gefen hannunka ya shafe abin da ka gama. Da hunturu tawada tana bushewa a bakin burushi tun kafin ta kai takarda, don haka zuba kaɗan a murfi ka rufe kwalbar. Da damina kuwa takarda tana shan laima, layi ya riƙa baɗewa, bushewa ta yi jinkiri. Kada ka sa magogi sai ka tabbata ta bushe sarai.

MATAKI NA 8: MAGANA DA ƘARA

Rubuta maganar ka zagaye ta tun a matakin fensir, kafin ka zana mutane. Wanda ya bar ta ƙarshe zai tarar ba wuri, sai ya ɗora ta a kan fuska. Mai fara magana ya tsaya a hagu ko maganarsa ta fi tsayi a gidan, don a karanta bi da bi. Da'ira ɗaya kada ta wuce kalma ashirin, a fagen faɗa kuwa uku ma sun yi yawa. Ba mai jawabi da wuƙa a wuya. Wanda ya taso da littattafan yaƙi yakan kawo ɗabi'ar bayani, ya zana Tanko ya daka tsalle sannan ya rubuta a sama cewa Tanko ya daka tsalle. Goge. Rubutu ya faɗi abin da zane ba zai iya ba kawai.

In a na'ura za ka sa haruffa, gwada ƙ da ɗ da ɓ tun farko, domin yawancin haruffan ado ba su da su, sai su fito da akwati ko su canja kama a tsakiyar kalma. In da hannu ne, tuna cewa zanen A4 in ya koma A5 yana raguwa zuwa kashi 71 cikin ɗari, na A3 kuwa zuwa rabi. Yi haruffan da girma.

Ƙara kuwa, namu ya ishe mu: tim, ƙwas, fyau, ƙiiii, rugugugu. Zana su da hannu su zama cikin hoton, mai nauyi da kauri, mai kaifi da tsini. Shafin da ya fi kowanne ban tsoro a bar shi ba ƙara ko ɗaya.

MATAKI NA 9: ƊAUKA DA BUGAWA

A sikana, zanen baƙi da fari zalla a ɗauke shi a 600 dpi, mai toka-toka a 300. In waya ce, fita inuwa da rana, shimfiɗa takardar, riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, sannan ka ƙara bambancin baƙi da fari a manhaja har alamun fensir su ɓace. Bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin rubutu da bakin takarda saboda yanka.

Wajen jera shafuka don bugu, duk biyun da ke zama gefe da gefe a falle jimillarsu 25 ce a littafi mai shafi 24: 24 da 1, 2 da 23, 22 da 3, haka har tsakiya. Ƙaramin littafin da ka naɗe a mataki na 3, in ka warware shi, zai nuna maka wannan. Kada ka ba da aikin ɗari sai an buga maka ɗaya ka naɗe ka karanta. Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, baƙin: injin da garin tawadarsa ya yi ƙasa yana mayar da dare toka mai zane-zane, kuma mai shago ba zai gaya maka ba tunda shafukanka suna cinye masa kaya, ku yi ciniki a kan haka tun farko. Na biyu, ɗaga shafi na 7 ka kalle shi a haske. In inuwar da ke shafi na 8 tana leƙowa ta baya, takardar ta yi siriri, koma mai nauyin giram 80 ko sama, in ba haka ba duk tsarin da ka yi ya tashi a banza.

Mai sakin labarinsa ta waya ya sani cewa can babu juyin shafi, jan yatsa ne zuwa sama. Kada ka tura shafi sukutum a WhatsApp, ƙaramin hoton zai tona komai kafin a buɗe, rubutun kuma ba zai karantu ba. Yanka gidajen ka jera su a tsaye, ka sa doguwar tazara baƙa kafin inuwar ta bayyana, tsawon fuskar waya ɗaya ko fiye, ita ce madadin juyin.

Kada ka saki fitowa ta farko sai ta biyu da ta uku sun kammala a fayil. Mai saurin hannu shafi ɗaya yake gamawa a rana, wato fitowa ɗaya tana cin kusan wata guda in ba rashin lafiya, ba jarrabawa, ba ɗauke wuta. Rubuta ranar fitowa ta gaba a bangon baya, ka ware kuɗin bugunta daga cinikin ta farko kafin ka taɓa ko sisi.